Ƙwan mace: ginin da ake soma shi tun a cikin kaka

Mai karatu, bari mu soma da ɗan lissafi. Mace mai shekara 38 ta sami juna biyu a bana. Ƙwan da wannan ciki ya samu daga gare shi, shekarunsa nawa? Yawancin ɗaliban da nake yi wa wannan tambaya sukan ce wata guda, domin sun taso suna jin cewa kowane wata mace takan yi sabon ƙwai. Amsar ita ce shekara 38 da 'yan watanni. Ƙwan ya girmi ranar sunan matar, domin an ƙera shi ne tun tana tayi a cikin mahaifiyarta. Ke nan mace mai ɗauke da cikin 'ya mace wata biyar tana ɗauke da zuriya biyu lokaci guda: 'yarta, da kuma ƙwan da jikokinta za su fito daga ciki.

Wannan kaɗai ya isa abin al'ajabi, amma ba shi ne ya fi ɗaukar hankalina ba. Abin da na fi so mu duba shi ne aikin da ake yi a cikin ƙwan tsawon waɗannan shekaru. Mun saba ɗaukarsa tamkar ƙwarya da aka kife tana jiran a zuba mata abu. Binciken shekaru ashirin da suka wuce ya nuna cewa ya fi kama da ɗakin amarya da aka daɗe ana yi wa jere: kowane kaya da mazauninsa, ga gara an jibge, ga makulli a ƙofa. Ingancin wannan jere shi ke yanke hukunci a kan kwanakin farko na rayuwar kowannenmu, kuma yawancin abin da muke ɗora wa mata laifinsa a sha'anin haihuwa a nan asalinsa yake, inda ba su da hannu ko kaɗan.

An daɗe ana neman ƙwan dabbobi masu shayarwa kafin a gan shi. William Harvey, likitan nan na Ingila da ya bayyana yadda jini ke zagaye jiki, ya feɗe bareyin gandun sarki yana nema, bai samu ba, duk da haka ya rubuta a 1651 cewa kowace dabba daga ƙwai take. A 1672 Regnier de Graaf, mutumin Holan, ya ga wasu ƙuraje masu ruwa a jikin gidan ƙwan zomaye, waɗanda har yau da sunansa ake kiransu. Amma waɗannan jakunkuna ne kurum, ƙwan yana can ciki. Sai a 1827 Karl Ernst von Baer ya tsaga irin wannan jaka a jikin wata karya, a birnin Königsberg, ya ga ɗan ɗigo mai ruwan ɗorawa, ya sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Dalilin wannan jinkiri na kusan shekara 180 shi ne ƙanƙanta. Faɗin ƙwan ɗan Adam bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita da ɗan ɗoriya ba, kamar ɗigon da bakin allura zai bari a takarda. Duk da haka yana cikin mafiya girman ƙwayoyin halitta a jikinmu. Na kaza ya yi girma ne saboda gwaiduwa, wadda ita ce abincin ɗan tsako na kwana 21. Dabba mai shayarwa ba ta bukatar gwaiduwa mai yawa, tunda mahaifa za ta karɓi ciyarwar. Sai dai kafin mahaifa ta karɓa akwai kusan mako guda, kuma wannan mako shi ne dalilin duk tanadin da za mu gani.

Aikin yana somawa ne a makonnin farko na ciki. Wasu 'yan ƙwayoyin halitta ƙalilan, waɗanda su ne kakannin ƙwai da maniyyi, sukan taso daga wajen inda hanjin tayi zai kasance, su yi tattaki zuwa wurin da gidan ƙwai zai tsiro. Da sun isa sai su shiga rabuwa ba ƙaƙƙautawa. A wajen mako na 20 na ciki adadinsu yakan kai miliyan 6 zuwa 7, kuma daga nan sai raguwa. Ranar haihuwa saura miliyan 1 zuwa 2. Lokacin balaga saura dubu 300 zuwa 400. A cikin waɗannan, waɗanda za su nuna har a sake su tsawon rayuwar mace ba su wuce 400 zuwa 500 ba.

An daɗe ana kallon wannan mutuwa ta miliyoyi a matsayin asara kawai. Lei Lei da Allan Spradling, a birnin Baltimore na Amurka, sun nuna a 2016 cewa da walakin. A cikin tayin ɓera, ƙwayoyin nan ba sa rabuwa sarai. Kowace takan bar wata 'yar gada tsakaninta da 'yar'uwarta, har a sami gungu na 'yan'uwa masu haɗe da juna. Ta waɗannan gadoji ne mafi yawansu ke tura kayan cikinsu zuwa ga ƙalilan, sannan su mutu. Kusan ɗaya cikin biyar ce ke zama ƙwai, sauran huɗun sun zama masu reno. An daɗe da sanin wannan tsari a jikin ƙuda, amma ba a zaci dabba mai shayarwa ma haka take yi ba. Ƙwai tun ranar farko magaji ne, da dukiyar 'yan'uwa ya soma.

A wannan lokaci ne kuma ake ƙulla wani abu da zai dawo ya dame mu bayan shekara arba'in. Kusan kowace ƙwayar halitta mai cibiya a jikin mutum tana da kuromosom 46, wato ƙunshe-ƙunshen zaren da bayanan gado ke rubuce a kai, 23 daga uwa, 23 daga uba. Dole ƙwai ya rage nasa zuwa 23 domin ya bar wa maniyyi gurbi. Wannan rabo na musamman yakan soma tun cikin ciki: kuromosom na wajen uwa da takwaransa na wajen uba su jeru kafaɗa da kafaɗa, su yi musayar gutsattsari, sannan wasu zobba na furotin da ake kira kohesin su riƙe su gam. Daga nan sai komai ya tsaya cak. Ƙwan yakan sami rufi na 'yan ƙwayoyin halitta masu faɗi, layi ɗaya, ya shiga barci da rabon da bai kammala ba. Wani zai farka bayan shekara 13, wani bayan shekara 45. Gwaje-gwajen da aka yi da ɓeraye sun nuna cewa zobban nan ba a sabunta su. Waɗanda aka sa tun cikin ciki, su ne za su riƙe kayan har ranar farkawa.

To yaya ƙwayar halitta guda za ta rayu shekara arba'in ba ta rabu ba, ba a musanya ta ba, kuma ta fito da ƙarfin gina sabon mutum? Fatar jikinmu takan sabunta cikin makonni, jajayen ƙwayoyin jini cikin kusan kwana 120. Ƙwai ba shi da wannan gata. Idan aka duba ƙwan mace mai barci za a ga kayan aikinsa ba a warwatse suke ba, an tattara su wuri guda kusa da cibiyarsa, kamar kayan matafiyi da aka ɗaure a lungu. Wannan tari shi ake kira dunƙulen Balbiani, da sunan wani masani Bafaranshe na ƙarni na 19. Mafi yawan abin da ke cikinsa mitokondiriya ne, 'yan injinan da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari. Matsalar waɗannan injina ita ce suna fitar da hayaƙi, wato wasu sinadarai masu lalata furotin da zaren gado. A 2022 Elvan Böke, masaniya 'yar Turkiyya da ke aiki a Basalona ta ƙasar Sifen, ita da abokan aikinta, suka gano cewa ƙwan mutum da na kwaɗo masu barci sun kawar da sashe na farko na wannan inji gaba ɗaya, sashen da yake cikin mafiya fitar da hayaƙin. Kafin wannan bincike ba a san wata ƙwayar halittar dabba mai lafiya da ke rayuwa ba tare da shi ba. Ƙwan ya rage wuta ne ƙasa-ƙasa, kamar mai girkin da ta zare itace ta bar garwashi. Bayan shekara biyu wannan ɗakin bincike ya sake nuna cewa ƙwan ɓera yana da wasu manyan kwandunan shara da yake tara lalatattun furotin a ciki, ya killace su, sai dab da nunarsa ya narkar da su. Ko shara ma da lokacin zubar da ita.

Daga cikin masu barcin nan, kullum akwai 'yan kaɗan da ke farkawa, tun kafin balaga, kuma ko mace tana da ciki ko tana shan maganin tazarar haihuwa. Wanda ya farka ba ya komawa barci: ko ya nuna, ko ya mutu a hanya, kuma mutuwar ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. A jikin ɗan Adam wannan girma yakan ɗauki watanni da dama. Ƙwan da aka saki a wannan wata ya farka ne tun kafin damunar da ta wuce ko kusa da haka. Faɗinsa yakan tashi daga kusan mikiromita 30 zuwa kusan 120, wato ninki huɗu a faɗi, wanda a cikin ciki ya haura ninki sittin. Dunƙulen Balbiani yakan warwatse, kayan aiki su bazu, a shiga gini gadan-gadan.

Abu na farko da ake gani shi ne ƙwan ya kewaye kansa da wani ɓawo garai-garai mai suna zona, wanda a jikin mutum furotin iri huɗu ne suka saƙa shi, a jikin ɓera iri uku. Mutum zai zaci wannan katanga za ta raba shi da masu renonsa, waɗanda a yanzu sun yawaita sun zama layi-layi. Ba haka abin yake ba. Masu renon sukan zura siraran yatsu masu ɗimbin yawa ta cikin zona su taɓa jikin ƙwan, kuma a kan kowane yatsa akwai ƙananan kafofi. Ƙwai ba ya iya sarrafa sukari yadda ya kamata, saboda haka su ne ke tauna masa, su miƙa masa shi a matsayin wani sinadari mai sauƙin ƙonawa. Ta waɗannan kafofi ne kuma suke aika masa saƙon da ke hana shi ci gaba da rabon nan da ya dakatar, har sai lokaci ya yi.

Kada a ɗauka ƙwan jariri ne da ake yi wa ɗura yana kwance. Shi ma yana ba da umarni. Yana fitar da wasu furotin guda biyu, GDF9 da BMP15, da ke gaya wa masu renon su yawaita, su kuma dafa masa abin da yake so. Makiyaya ne suka fara cin karo da wannan ba tare da sun sani ba. A ƙasar Niyuzilan an sami wani layin tumaki da ake kira Inverdale, masu yawan haifar tagwaye. A shekarar 2000 aka gano cewa suna da tawaya ne a ƙwayar gadon BMP15. Tunkiyar da ta gaji tawayar daga ɓangare ɗaya takan saki ƙwai fiye da ɗaya, ta haifi biyu. Wadda ta gada daga uwa da uba duka kuwa juya ce, ƙwanta ba ya wuce matakin farko. Duk wanda ya taɓa mamakin abin da ya sa akuya ke yawan haifar biyu, saniya kuwa ɗaya, amsar tana tattare da irin wannan zance tsakanin ƙwai da masu renonsa.

Yanzu mu shiga ɗakin mu ga jeren. Da farko mitokondiriya. Waɗannan injina suna da nasu ɗan zaren gado daban, mai ƙwayoyin gado 37, kuma a cikin nunannen ƙwai kofensa yakan haura 100,000. 'Yan kaɗan da maniyyi ke shigowa da su akan rusa su. Saboda haka kowane mutum, namiji ko mace, injinan kuzarinsa na uwarsa ne, ita ma na uwarta, haka har iyakar tarihi. Mu da muke jan salsala ta wajen uba, jikinmu yana da wata salsalar ta mata zalla wadda ba a taɓa yanke ta ba. Idan waɗannan injina suka sami tawaya, cuta mai tsanani kan bi 'ya'ya, abin da ya sa majalisar dokokin Birtaniya ta halatta a 2015 a ɗauki kuromosom na iyaye a sa a cikin ƙwan wata matar mai lafiyayyun mitokondiriya.

Na biyu, rubutattun saƙonni. Ƙwayar halitta ba ta aiki da zaren gado kai tsaye. Takan kwafi umarni daga jikinsa a kan wani ɗan gajeren zare mai suna RNA, a kai wa maƙera furotin. A sauran sassan jiki irin wannan takarda ba ta daɗewa, cikin sa'o'i ta lalace. Ƙwai mai girma kuwa yakan kwafi dubbai, ya like su, ya adana ba tare da an karanta ba. Ɗakin binciken Melina Schuh da ke Göttingen a Jamus ya nuna a 2022 cewa ana ajiye su ne a cikin wani abu mai kauri kamar kamu, wanda ke manne da mitokondiriya. Na uku, furotin da aka riga aka ƙera. Tun shekarun 1960 masu amfani da madubin lantarki ke ganin wata raga ta siraran sanduna cike da ƙwan dabbobi masu shayarwa, ba a san amfaninta ba. A 2023 wannan ɗakin bincike ya tabbatar da cewa kanta ce, irin ta mai shago: a jikinta ake jera furotin da tayi zai bukata, don kada su lalace, kada kuma su soma aiki kafin lokaci. Ɗaya daga cikin ginshiƙan wannan raga shi ne furotin mai suna PADI6. Akwai matan da suka gaji tawaya a cikinsa. Al'adarsu daidai take, ƙwansu yana fita, maniyyi yana shiga, amma tayin yakan tsaya bayan 'yan rabe-rabe. Irin wannan mata za ta iya zagaye asibitoci da gidajen masu magani shekara da shekaru ana ce mata lafiyarta ƙalau, alhali matsalar kanta ce da ba ta kafu ba.

Na huɗu, makulli. Dab da fatar ƙwan daga ciki akan jera wasu ƙananan jakunkuna dubbai. Da ƙwayar maniyyi ɗaya ta shiga, sai su fashe waje, abin da ke cikinsu ya sauya zona ta yadda wata ba za ta iya ratsawa ba. Idan biyu suka shiga, kuromosom sun zama 69, kuma irin wannan ciki ba ya ɗorewa.

Me ya sa duk wannan wahala? Domin da ƙwan ya gama girma, yakan rufe littafin gadonsa, ya daina kwafar komai. Daga nan har ya fita, har ya haɗu da maniyyi, har tayin ya rabu biyu, ya rabu huɗu, ba a buɗe littafin sosai ba. A jikin mutum sai wajen kwana na uku, sa'ad da tayi ke da ƙwayoyin halitta huɗu zuwa takwas, sabon zaren gado na uwa da uba ke karɓar ragama. A ɓera tun yana biyu. Kafin nan duk umarnin da ake bi, duk kayan da ake aiki da su, na cikin rumbun ƙwai ne. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana ukun farko na rayuwar mai karatu, da guzurin da mahaifiyarsa ta tanada ya yi su, kuma harsashin guzurin an aza shi ne a cikin kakarsa. Ƙarfin wannan tanadi ya fito fili a 1996, lokacin da masana a cibiyar Roslin ta Sikotilan suka cire kuromosom daga ƙwan tunkiya, suka sa cibiyar wata ƙwayar halitta ta hantsar tsohuwar tunkiya a gurbinsu. Ruwan cikin ƙwan ya goge mata tarihinta, ya maida ita sabuwa, aka haifi tunkiyar da ake kira Dolly.

Matakin ƙarshe gajere ne, kuma shi ne mafi hatsari. A tsakiyar watan mace wani sinadarin homon yakan taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa, kuma bayan kusan sa'a 36 ƙwai zai fita. A cikin wannan kwana ɗaya da rabi ne masu reno ke janye yatsunsu, ƙwan ya koma kan rabon da ya bari tun kafin haihuwa. Zai gina wani abu mai siffar mazari, da zaruruwa da za su kama kuromosom su ja rabi nan, rabi can. Sauran ƙwayoyin jiki suna da turaku biyu da suke ɗaura wannan mazari a kai. Ƙwai ya zubar da nasa turakun tun da wuri, kuma a jikin mutum maniyyi ne zai kawo sabo daga baya. Saboda haka mazarin ƙwai ba shi da madogara, kansa yake tsayar da kansa. Masanan da suka ɗauki hoton wannan aiki a cikin ƙwan mata sun ba da rahoto a 2015 cewa yakan ci kusan sa'a 16, yana tangaɗi, wani lokaci ya yi kai uku ko huɗu kafin ya daidaita. A sauran ƙwayoyin jiki aikin bai kai sa'a guda ba. Idan ya tsaya, sai a tura shi gefe, a yanke rabin kuromosom tare da ɗan ruwa kaɗan a jefar waje. A wajen namiji ƙwayar halitta ɗaya takan ba da maniyyi huɗu daidai wa daida. A wajen mace ɗaya tak ake samu, domin ba a raba gara.

A nan ne zobban nan ke dawowa. Da shekaru suka ja, kohesin yakan zaizaye, kuromosom su saki juna kafin a ja su, sai ƙwai ya tafi da 24 ko 22 maimakon 23. Mafi yawan irin wannan ciki ɓari yake zama, sau da yawa kafin matar ta san ta ɗauka. Kusan rabin ɓarin da ake yi a watanni ukun farko daga kuskuren adadin kuromosom yake. Wanda ya fi rayuwa shi ne mai ƙarin kuromosom na 21, lalurar da ake kira Down, wadda aka gano sababinta a Faransa a 1959. Yiwuwarta kusan ɗaya cikin 1,200 ce ga mai shekara 25, kusan ɗaya cikin 350 a shekara 35, ɗaya cikin 100 a shekara 40. A lura, ko a shekara 40 ɗin, 99 cikin 100 ba sa samun ta. Kuma kada wani ya ɗauki waɗannan alƙaluma ya ce ashe ƙuruciya tsantsa ita ce mafita. Wani bincike da Eva Hoffmann ta jagoranta daga Kofenhegen, aka buga a 2019, ya nuna cewa kuskuren yana da yawa a ƙwan 'yan mata ƙanana, ya ragu a shekarun ashirin zuwa farkon talatin, sannan ya sake hawa. Maza ma ba su tsira ba. Maniyyi sabo ne kullum, amma tushensa yana ta kwafar kansa tun balaga, kuma wani bincike na ƙasar Aisilan a 2012 ya nuna kowace shekara da uba ya ƙara tana ƙara kusan sabbin kurakurai biyu a zaren gadon ɗansa.

Ni a ganina wannan ilimi bai kamata ya tsaya a ɗakin gwaji ba, domin a gidajenmu ake biyan kuɗin rashinsa. Matar da ta yi ɓari akan tuhume ta da ɗaukar kaya mai nauyi, ko a tuhumi kishiya, alhali sau da yawa hukuncin ya riga ya faɗi a cikin sa'o'in nan da mazari ke tangaɗi. Matar da ta jera 'ya'ya mata akan yi mata gori, alhali kowane ƙwai kuromosom X yake ɗauke da shi, maniyyi ne ke zuwa da X ko Y. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun namiji. Gwajin namiji kuwa shi ne mafi sauƙi da araha, shi ne kuma aka fi gudu.

Sai kuma masu tallar magani a rediyo da kafofin sada zumunta, masu alkawarin ƙara wa mace ƙwai ko sabunta shi. A 2004 wani masani a Amurka, Jonathan Tilly, ya yi iƙirarin cewa gidan ƙwan balagaggiyar dabba yana da tushen da ke samar da sabbin ƙwai. An yi ta muhawara, amma binciken da aka yi a Suwidin a 2020, wanda ya tantance dubban ƙwayoyin halitta na gidan ƙwan mata ɗaya bayan ɗaya, bai ga wannan tushe ba. Allurar da likitan haihuwa ke yi ma ba ta ƙirƙirar ƙwai. Tana ceto ne waɗanda suka riga suka farka, da za su mutu a wannan watan. Gwajin jinin da ake kira AMH yana ba da kintacen yawan abin da ya rage, ba ya faɗin ingancinsa. Abin da ke rage rumbun kuwa sananne ne: shan taba yana gaggauta yankewar al'ada da shekara ɗaya zuwa biyu, wasu magungunan cutar daji kuma suna ƙone ƙwai masu barci, shi ya sa a manyan asibitoci akan tattauna daskarar da ƙwai ko yankin gidan ƙwai da mace kafin a soma mata magani. Mace mai neman haihuwa da ta haura 35, shawarar likitoci ita ce ta nemi gwaji, ita da mijinta, bayan wata shida, kada ta jira shekara. Kowane wata da aka ɓata wajen mai tallar garin magani, daga wannan rumbu ake cire shi.

Shin za a iya yin wannan gini a wajen jiki? A 2016 Katsuhiko Hayashi da abokan aikinsa a jami'ar Kyushu ta Japan sun ɗauki ƙwayoyin halitta daga wutsiyar ɓera, suka maida su ƙwai a cikin faranti, har aka haifi 'ya'yan ɓeraye masu lafiya. Amma sai da suka haɗa su da masu reno da aka ɗebo daga gidan ƙwan tayin ɓera, kuma cikin tayin da aka dasa, ƙalilan ne kawai suka kai ga haihuwa. Na ɓera ke nan, wanda girmansa makonni ƙalilan yake ɗauka. Na ɗan Adam, mai bukatar watanni, har yanzu ba wanda ya gina shi daga tushe ya kai shi ga nuna.